Yadda Ake Fara Tara Bulon LEGO da 'Yan Mutanensa a Arewacin Kamaru da Cadi

Iyaye da matasa daga Garwa, Marwa, Ngaundere, Kuseri da Njamena sun sha tambayata yadda mutum zai fara tara bulon wasa na LEGO da ƙananan 'yan mutanen da ke zuwa da shi, ba tare da an cuce shi a kasuwa ba, kuma ba tare da rana da ƙura sun lalata masa kaya ba. Darajar abin da aka tara tana rataye ne a kan abu biyu, wato ya kasance na asali, kuma ya kasance cikakke. Yawancin asarar da ake yi tana faruwa ne kafin a miƙa kuɗi, sauran kuma a wurin ajiya, don haka matakan da suka shafi waɗannan wurare biyu su ne na fi tsawaitawa.

Mataki na 1: Zaɓi layi ɗaya

Kamfanin yana fitar da ɗaruruwan saiti, wato kwalin bulo da littafin haɗa shi, a kowace shekara, babu aljihun da zai iya bin su duka. Kafin ka sayi komai, ka tsai da shawara a kan layi ɗaya. City ya ƙunshi motocin kashe gobara, jiragen ƙasa da gine-ginen gari. Technic na masu son injina ne, da giya da sanduna masu juyawa. Speed Champions ƙananan motocin tsere ne masu kama da na gaske, ba su cin wuri. Creator mai uku-a-ɗaya yana ba ka hanya uku ta haɗa kaya ɗaya, kuma a ganina shi ya fi dacewa da mai farawa a wajenmu, domin kuɗi ɗaya ne amma gini uku. Akwai kuma masu tara 'yan mutane zalla.

Wasu gidajen ba sa son a jera mutum-mutumi a fili saboda dalilin addini, ko da yake malamai da yawa sun yi sassauci a kan kayan wasan yara. Wanda wannan ya dame shi ya tambayi malaminsa, kuma yana iya tsayawa a kan motoci, jirage da gine-gine kaɗai, irin layin Architecture da Technic, waɗanda galibinsu ba su zuwa da ɗan mutum ko ɗaya.

Gargaɗi: ƙananan ƙwayoyin suna iya maƙale wa yaro a maƙogwaro. Idan akwai ɗan ƙasa da shekara 3 a gida, layin Duplo mai manyan bulo shi ne nasa, naka kuma ya zauna inda hannunsa ba ya kaiwa.

Mataki na 2: Koyi lissafin farashi

Sefarmu a ɗaure take da yuro, yuro 1 daidai yake da sefa 655.957, saboda haka lissafin ba ya canzawa daga wata zuwa wata. Ka ninka farashin Turai da 656, ka ga ainihin kuɗin kayan kafin a ɗora kuɗin jirgi, kuɗin duwan da ribar ɗan kasuwa. Saitin yuro 10 ya kama kusan sefa 6,560, na yuro 20 kusan 13,100, na yuro 50 kusan 32,800. Manyan saitin da ake yi domin manyan mutane kuwa wata magana ce dabam: jirgin Star Wars mai lamba 75192, wanda ya fito a 2017 da ƙwaya 7,541, kuɗinsa a Turai kaɗai ya haura sefa 500,000.

Masu tarawa suna da wani ma'auni na kusa-kusa, cewa ƙwaya ɗaya a sabon saiti tana kamawa wajen kashi ɗaya cikin goma na yuro, wato kimanin sefa 65. Ba doka ba ce, domin layukan fina-finai sun fi tsada, akwatunan Classic na bulo zalla kuma sun fi araha, amma tana tsare mutum daga yaudara. Idan aka ce maka ga sabon saiti na asali mai ƙwaya 1,000 a sefa 12,000, lissafin nan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa da walakin.

Ka ware abin da za ka iya kashewa a wata bayan cefane, haya da kuɗin makaranta, ka kuma riƙa tara na wata biyu ko uku domin saiti ɗaya mai kyau. Ba na ba kowa shawarar cin bashi a kan wannan sha'awa da fatan farashi zai tashi. Gaskiya ne wasu saitin suna ƙara tsada bayan an daina ƙera su, amma masu sayen irinsu a garuruwanmu ba su da yawa.

Mataki na 3: Tanadi kayan aiki

Kana bukatar faffaɗan tire mai baki, ƙananan ledoji masu zif, robobi masu murfi, sabon buroshin haƙori mai laushi, buroshin fenti mai laushi domin ƙura, rariya, littafin rubutu, da waya mai kyamara da fitila. Duka ana samunsu a kasuwar gari. Abu ɗaya da za ka nema musamman shi ne maɓamɓarin bulo, wata 'yar roba mai ruwan lemo da ke zuwa a cikin matsakaita da manyan saiti.

Gargaɗi: kada ka raba bulo da haƙori, wuƙa ko reza. Tabon haƙori ba ya gyaruwa, kuma shi ne abin da mai saye zai fara gani.

Mataki na 4: San inda ake samu

Hanya ta farko ita ce manyan kantunan Duwala, Yawunde da Njamena, inda akan samu sababbi a kwali, musamman gab da ƙarshen shekara, sai dai zaɓin kaɗan ne, farashin kuma sama yake da na Turai. Hanya ta biyu ita ce sautu: ɗan uwa da ke dawowa daga Faransa, ko ɗan kasuwa mai zuwa Dubai, ko mai dawowa daga Umra. A nan ka ba shi lambar saitin, ba sunansa ko hotonsa kaɗai ba, domin motocin kashe gobara na City sun yi yawa, amma lamba ɗaya saiti ɗaya take nufi. Kwalin yana cin wuri a jaka, don haka kana iya roƙonsa ya buɗe, ya zuba ledojin ciki ba tare da ya yaga su ba, ya naɗe kwalin a ƙasan akwati, ya sa littafin haɗawa da takardar sitika a tsakanin tufafi don kada su lanƙwashe.

Hanya ta uku, wadda ta fi araha kuma ta fi bukatar ido, ita ce shagunan gwanjo masu buɗe kayan Turai. A can za ka tarar da bulo a buhu ko a kwando, na asali da na jabu da ɓaraguzan wasu kayan wasa duk a gauraye. Ka saba da mai shago ɗaya ko biyu, ka bar musu lambar waya, su kira ka ranar da aka kwance sabon dila, domin 'yan mutane da tayoyi su ake fara tsincewa.

Gargaɗi: idan mai sayarwa yana wani gari, kada ka tura kuɗi gaba ɗaya ta Orange Money, MTN MoMo, Airtel Money ko Moov Money a kan hoton da ka gani kawai. Ka nemi ya ɗauko bidiyon kayan kusa-kusa tare da wata takarda da aka rubuta ranar a kanta, ko kuma wani naka da ke garin ya je ya duba kafin a sa a mota ko a jirgin ƙasa zuwa Ngaundere.

Mataki na 5: Tantance na asali kafin ka biya

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma ana yin sa ne a gaban mai kaya, da fitilar waya a hannu.

Fara da ƙululun da ke saman bulo. A kan kusan kowane ƙululu na asali an rubuta LEGO da ƙananan haruffa masu ɗan karkata, a fili, ba tare da dagulewa ba. Ƙululun da yake sumul, ko mai wani rubutu dabam, ba na kamfanin ba ne. Sannan ka juya bulon ka haska cikinsa. A yawancin ƙwayoyi za ka ga ƙaramar lambar siffa: bulo mai ƙululu 8, wato biyu a faɗi huɗu a tsawo, lambarsa 3001, mai ƙululu 4 mai murabba'i 3003 ne, mai ƙululu 2 kuma 3004. Ƙwayoyin da ba su da ƙululu, irin masu santsin sama, a ciki ake samun sunan kamfanin.

Bayan ido sai hannu. Ɗauki bulo biyu ka haɗa su. Na asali suna kamawa da ƙarfi daidai, ba su zubewa idan ka girgiza, kuma ba su gagarar rabuwa. Ka ɗora falle uku, wato siraran bulo marasa kauri, a kan juna ka jera su kusa da bulo ɗaya: dole tsayinsu ya zo daidai cif, domin bulo milimita 9.6 ne, falle kuma 3.2. Jabu sau da yawa yana da ɗan kaifi a gefe inda robar ta malalo, launinsa yana bambanta daga ƙwaya zuwa ƙwaya, wani lokaci kuma yana warin roba mai ƙarfi. Yana da kyau ka riƙa yawo da bulo ɗaya da ka tabbatar da shi a aljihu domin gwaji.

Idan kwali ne, ka duba tambarin ja mai farin rubutu, lambar saiti, da shekarun da aka yi shi dominsu. Ka rubuta lambar a shafin intanet na Brickset, mai jera saitin LEGO da lambobinsu, ko na kamfanin, ka tabbatar hoton da ya fito shi ne na kan kwalin. Masu kwaikwayo suna amfani da hoto iri ɗaya da jan tambari mai kama da na gaske, sai su sauya haruffa. Ka kuma duba bakin kwalin ko an yanke tef ɗin an sake liƙa wani a kai, domin akan buɗe a zare 'yan mutanen, a mai da sauran. Wata alama mai sauƙi ita ce kamfanin ba ya ƙera tankokin yaƙi da sojojin zamani masu kama da na gaske, saboda haka duk kwalin da ka gani da su, na wani kamfani ne.

Ba kowane bulon da ba LEGO ba ne jabu. Akwai kamfanoni irin su Cobi na ƙasar Folan da Mega, masu sayar da kayansu da sunansu, kuma bulonsu yana hawa na LEGO. Wanda ya saya wa yaransa irin waɗannan domin wasa bai yi laifi ba. Abin da ba a so shi ne a biya kuɗin na asali a karɓi wani abu, ko a gauraya su a roba ɗaya, domin tsince su daga baya ya fi tsince tsakuwa a shinkafa wuya.

Mataki na 6: Duba 'yan mutane ɗaya bayan ɗaya

Ɗan mutum, wanda tsayinsa wajen santimita 4 ne, yana da kai, gangar jiki mai hannuwa, ƙafafu, gashi ko hula, da abin riƙewa. Sau da yawa shi ne mafi tsada a cikin saiti, shi ya sa aka fi kwaikwayonsa. Cire kan, ka duba saman wuyan, akwai sunan kamfanin. Cire ƙafafun, ka duba tsakanin turaku biyu da ke shiga gangar jiki, nan ma akwai. Zanen fuska da na riga ya kasance a tsakiya, mai kaifin layi, ba mai kankaruwa da farce ba.

Sai ka nemi tsaga. Wuraren da ta fi fitowa su ne gefen gangar jiki a ƙarƙashin hammata, wuyan hannu, da bayan diddige. Ka ɗaga hannun sama ka sake shi; idan ya faɗo da kansa, ya saki. Ka kuma kwatanta shi da hotonsa a BrickLink, shafin intanet na saye da sayar da kayan LEGO, domin 'yan gwanjo suna haɗa kan wannan da jikin wancan, ko da duka na asali ne, kuma irin wannan haɗin gambiza ba shi da darajar cikakke.

Akwai jerin 'yan mutane na musamman da aka fara fitarwa a 2010, da farko 16 a kowane jeri, yanzu galibi 12. Ana sayar da su a rufe, ba a ganin wanda ke ciki, a Turai kowane ɗaya wajen yuro 4, kusan sefa 2,600. Da can a leda suke zuwa, ana iya lalubawa a gane, amma tun 2023 aka koma ƙaramin kwali. Ga mai sautu daga nesa, sayen su a rufe asara ce, domin sai ka tarar da iri ɗaya uku. Gara ka nemi wanda kake so kai tsaye daga mai sayar da buɗaɗɗu, ko cikakken jeri gaba ɗaya.

Gargaɗi: kada ka riƙa cire hannuwa daga gangar jiki. Kai, hula da ƙafafu an yi su ne don a sauya, amma yawan cire hannu shi ke kawo tsagar hammata.

Mataki na 7: Wanke kayan gwanjo

Ware masu sitika, masu waya ko batir, da masu ƙarfe a jiki; waɗannan goge su kawai za a yi da tsumma mai ɗan damshi. Sauran ka wargaza su gaba ɗaya, ka jiƙa a ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun wanke kwano kaɗan. Kamfanin kansa ya ce kada zafin ruwan ya wuce digiri 40, kuma ruwan tankin da ya wuni a rana a watan Afrilu a Marwa ko Njamena yana iya haura haka, don haka ka yi wankin da safe ko ka sirka da ruwan randa. Goge lungunan da buroshin haƙori, ka ɗauraye a cikin rariya don kada ƙanana su bi ruwa, ka baza su a kan tawul a inuwa, ramin yana kallon ƙasa, inda iska ke wucewa. A lokacin rani wuni ɗaya ya isa, a damina kuwa ka ƙara kwana, domin ruwa yana ɓuya a cikin bututun ƙasa.

Gargaɗi: kada ka shanya su a rana. Kada ruwan goge farce, fetur ko tina su taɓa su, domin suna cin robar da zanen da ke kanta. Wasu suna jiƙa farin bulon da ya yi rawaya a ruwan wanke ciwo mai kumfa su sa a rana. Yana fari na ɗan lokaci, amma rawayar takan dawo.

Mataki na 8: Ƙirga ka rubuta

A shafukan ƙarshe na littafin haɗawa akwai hoton kowace ƙwaya da adadinta. Idan babu littafin, ana sauke shi kyauta daga shafin kamfanin ko manhajar LEGO Builder da lambar saitin, jerin ƙwayoyin kuma yana shafukan intanet na BrickLink da Rebrickable. Baza kayan a tire, ka bi jerin, ka rubuta abin da ya ɓace da lambar siffarsa da launinsa. A littafinka kuma kowane saiti ya samu layi: lamba, ranar saye, kuɗin da ka biya, sabo ko gwanjo, da abin da ya rage. Mutane suna raina wannan mataki, amma shi ke hana sayen abu ɗaya sau biyu, shi ke kuma ba ka bakin magana ranar ciniki.

Bulon da ba na wani saiti ba, ka ware shi bisa siffa, ba bisa launi ba. Jan bulo ƙarami a cikin robar ƙananan bulo masu launi dabam-dabam nan take ake ganinsa, amma a cikin roba cike da ja sai an zazzage.

Mataki na 9: Haɗawa

Ledojin sabon saiti suna da lamba. Buɗe ta 1 kaɗai, ka gama da ita kafin ta 2, kuma a cikin tire, ba a kan tabarma ba. Sitika ka ɗora ta a bakin maɓamɓari ka daidaita kafin ka danna. 'Yan ƙwayoyin da suka yi saura a ƙarshe na kari ne, ka sa su a leda mai lambar saitin. Ka yi hankali da tsofaffin ƙwayoyi masu ruwan ƙasa da ja mai duhu, domin na wasu shekarun baya sun yi suna wajen karyewa.

Gargaɗi: kada ka sa gam ko kaɗan. Ginin da aka liƙe ya daina zama kayan tarawa.

Mataki na 10: Kare su daga rana, ƙura da gara

Hasken rana yana mai da fari, toka mai haske da shuɗi zuwa rawaya, ko da ta taga yake shigowa na awa ɗaya a kullum. Zaɓi bangon da rana ba ta haskawa. Zafin da ake yi daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, yana ɗaga sitika, yana sa tayoyin roba danƙo, saboda haka kada ka ajiye kaya a saman kabad dab da rufin kwano marar silin, ko a cikin mota a rufe. Idan za a daɗe ba a taɓa mota ba, cire tayoyin ka sa su a leda dabam, ka kuma cire batir daga duk mai inji.

Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin ƙululu, idan ta haɗu da damshi sai ta daskare. Kabad mai gilashi shi ne maganinta, kuma kafinta na unguwa zai iya yin sa. Ka ce ya liƙa siririn soso a bakin ƙofofin don toshe kafa. Wanda bai kai ga kabad ba, babbar roba mai haske da aka kifa a kan gini tana aiki. Ka riƙa bi da buroshin fenti sau ɗaya a mako a lokacin ƙura. 'Yan mutane ka tsai da su a kan faffaɗan falle, waɗanda ba ka jera ba kuma kowane da ledarsa tare da kayan riƙonsa, don kada zanensu ya gogu da juna.

Kwalaye da littattafai abincin gara da ɓera ne. Naɗe kwalin, sa littafin a leda, ka ajiye su a akwatin ƙarfe ko robar da ke rufuwa sosai, a kan benci, nesa da bango da ƙasa. A Ngaundere, inda damina ta fi tsawo, ka riƙa buɗe akwatin lokaci-lokaci a ranar da babu hadari don takardun su sha iska.

Mataki na 11: Musaya da sayarwa

Idan ka samu maimai, musaya da wani mai tarawa ta fi sayarwa riba, domin babu kuɗin jirgi a tsakani. Kafin ku yi ciniki, ku buɗe BrickLink tare, ku duba farashin da aka sayar da abin a watanni 6 da suka wuce, ba farashin da masu kaya suke nema ba, ku zaɓi na sabo ko na hannu gwargwadon halin kayan, sannan ku juya shi zuwa sefa. Ka faɗi duk aibin da ka sani, tsaga ce, rawaya ce ko ƙwayar da ta ɓace, ka kuma ƙirga kayan a gaban mai karɓa. Idan aikawa za ka yi zuwa wani gari, wargaza ginin, zuba shi a leda biyu ɗaya cikin ɗaya, sa 'yan mutane a ƙaramar roba mai murfi, ka cusa takarda a kwalin har ya daina kaɗawa, sannan ka ɗauki hoton kayan da na rasit ɗin tasha ka tura wa mai karɓa kafin mota ta tashi.